Don Me Doka Za Ta Yi Gadin Juji?

A karkarar ƙasar Ayalan da wuya mutum ya daɗe yana bin gefen ƙorama ko fadama bai wuce wani ɗan tudu mai ciyawa ba, wanda sau da yawa tsayinsa bai kai ƙugun mutum ba, siffarsa kuma kamar kofaton doki. Shanu na kiwo a kansa, ko a jikinsu. Ranar da garma ta bi ta kai ne asirinsa ke tonuwa: ƙasar baƙa ƙirin, cike da gawayi da gutsattsarin duwatsun da wuta ta farfasa. Mutanen ƙasar na kiran irin wannan wuri fulacht fiadh. An taɓa ƙidaya fiye da 4,500, wajen 2,000 daga ciki a gundumar Cork kaɗai, kuma ƙidayar ta tsufa, don kusan kowane sabon titi sai ya tono wasu. Akwai su a Ingila da Sikotilan, musamman tsibiran Orkney da Shetland, akwai danginsu har a Suwidin. Galibinsu na Zamanin Tagulla ne, tsakanin wajen shekara ta 1800 zuwa ta 800 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Ba a binne sarki a cikinsu ba. Da wuya a samu ko tsinken ado, balle zinariya. A gaskiyar magana juji ne, tarin duwatsun da suka gama aiki aka watsar. Duk da haka, a Birtaniya akwai waɗanda aka shigar cikin jerin wuraren tarihi da doka ta kare, jerin da Stonehenge, shahararriyar da'irar nan ta manyan duwatsu a Ingila, ke ciki, kuma wanda ya taɓa su ba izini ya yi laifin da ake kai mutum kotu a kansa. A Ayalan dubbai ne ke cikin rajistar gwamnati. Manomi da ɗan kwangila da mai son gina gida suna da haƙƙin su tambaya: a kan wane dalili? Ni ina ganin doka ta yi daidai da ta sa hannu. Ina kuma ganin yadda ta sa hannun bai isa ba, kuma a wani wuri nauyin ya faɗa kan wanda bai kamata ya ɗauka shi kaɗai ba.

Yadda tudun ke samuwa abu ne mai sauƙi. Mutanen sukan haƙa rami a ƙasa mai danshi, su daɓe shi da katako ko falalen dutse, ko su yaɓe shi da yumɓu, ya zama kwami. A wurare da yawa ruwa da kansa yake tsattsafowa ya cika shi. Sai a hura wuta a gefe, a gasa duwatsu har su yi ja, a mirgina su cikin ruwan. Dutsen da ya sha wuta aka tsoma shi a ruwan sanyi ba ya jure wannan wahala sau da yawa, sai ya tarwatse. Idan an gama, a kwashe ɓaraguzan a zuba ta ɓangare uku na kwamin, a bar ɓangare ɗaya na shiga da fita. Shekara da shekaru ana haka, sai kofaton doki ya fito.

A 1952 Farfesa Michael J. O'Kelly na jami'ar Cork, wanda daga baya ya shahara da tonon babban kabarin Newgrange, ya tona irin wannan wuri a Ballyvourney, sannan ya ce bari ya gwada da hannunsa. Ya sake haɗa kwamin, ya cika shi da ruwa wajen lita 450, ya riƙa jefa gasassun duwatsu. Cikin kusan rabin sa'a ruwan ya tafasa. Ya naɗe cinyar rago mai nauyin kilo 4.5 da busasshiyar ciyawa ya saka, yana ƙara dutse ɗaya-ɗaya don kada tafasar ta mutu. Bayan sa'a uku da minti arba'in nama ya dahu, aka ci. Daga nan littattafan makaranta suka ɗauka cewa waɗannan wuraren dafa nama ne. Abin ya kuma yi daidai da tsohon labarin da masanin tarihin ƙasar, Geoffrey Keating, ya rubuta a ƙarni na 17, na mayaƙan almara masu farauta da ke dafa namansu a ramuka da duwatsu masu zafi.

Sai dai gwajin O'Kelly ya nuna cewa ana iya dafa nama a haka ne kawai, bai nuna abin da mutanen suka yi ba. Inda aka yi ɗaruruwan shekaru ana dafa nama, ai sai ka zaci ƙashi zai yi tuli, amma a yawancin wuraren ba a samun ƙashi. Masu ra'ayin dahuwa suka ce ƙasar irin waɗannan fadamu mai tsami ce, tana cinye ƙashi, kuma gaskiyarsu ce. A 1987 Lawrence Barfield da Mike Hodder, waɗanda suka yi aiki a kan tuddan birnin Birmingham na Ingila, suka kawo wata shawara: wuraren sirace ne, a kafa bukka, a shigo da duwatsu masu zafi, a yayyafa ruwa, a zauna cikin tururi. A 2007 wasu masu binciken kayan tarihi biyu a Galway, Billy Quinn da Declan Moore, suka dafa giya da tsiron sha'ir a cikin kwamin katako ta wannan hanya, ta kuma yi, jaridu suka yi ta yayatawa. Wasu masana da suka duba ragowar tsirrai da ƙwari a cikin laka suka karkata ga wankin ulu da rini da jima. Ni dai nawa hasashen shi ne, mutumin da ya sha wahalar tafasa lita ɗaruruwa na ruwa ba zai ware shi don aiki ɗaya ba, kuma abin da aka yi a Cork ba dole ne shi aka yi a Shetland ba. Amma hasashe ne, irin na kowa.

Wannan rashin tabbas shi ne hujjata ta farko. Tonon kayan tarihi aiki ne da ke cinye abin da yake bincika. Wurin da aka tona ya tafi ke nan, sai abin da aka rubuta da hotunan da aka ɗauka da ɗan samfurin da aka adana. Lokacin da O'Kelly ke aiki a Ballyvourney, gwajin kabon da ake gano shekarun gawayi da shi bai fi 'yan shekaru da ƙirƙirowa ba. Yau daga cokali guda na laka ana iya gano irin furannin da ke kewaye da wurin shekara dubu uku da suka wuce, daga fukafukan ƙwaro a san ko dabbobi sun yi kashi a wurin ko ruwan tsabtatacce ne, daga zoben katako a wasu lokuta a faɗi shekarar da aka sare itacen. O'Kelly ba shi da laifi da bai nemi abin da ba a san ana nema ba a zamaninsa. Mu ma haka muke a wurin waɗanda za su zo nan da shekara hamsin. Idan muka tone duka, ko muka bar garma da katafila suka share duka, za su zo da kayan aikin da suka fi namu su tarar ba abin da za su gwada.

Mai adawa zai ce, to, an ji, amma ai ba ɗaya ba ne, ba goma ba. Dubbai ne, kuma duk kamarsu ɗaya. An riga an tona fiye da dubu a Ayalan. Me na dubu da ɗaya zai faɗa wanda sauran ba su faɗa ba? Wannan tambaya ce mai nauyi, ban kuma yarda da masu kawar da ita da fushi ba.

Amsata ita ce yawansu shi ne darajarsu. Wanda ya shiga gidan tarihi na ƙasa a Dublin zai ga kayan adon zinariya na Zamanin Tagulla da za su sa ya riƙe baki. Waɗannan labarin manya suke bayarwa, ko labarin abin da manya suka binne. Gidajen talakawan zamanin kuwa na itace da ciyawa ne, sun ruɓe, da ƙyar ake gane gurbinsu. Abin da ya rage a fili, a kowace gunduma, shi ne waɗannan tuddan. Idan aka sa su a taswira, aka haɗa da shekarunsu, sai a ga inda jama'a suka zauna, da lokacin da suka shiga wani kwari, da lokacin da suka bar shi, da irin itacen da suke ƙonawa, wanda ke nuna ko daji na ƙaruwa ko yana ƙarewa. Birmingham misali ce mai kyau. An daɗe ana ɗaukar yankin a matsayin kurmin da ba kowa a cikinsa kafin zuwan Rumawa. Da aka bi ƙoramun birnin ɗaya bayan ɗaya, a wurare irin su Moseley Bog da Cob Lane, aka samu tuddai gommai, sai wancan zato ya rushe. Tudu ɗaya ba zai iya rushe shi ba.

Amma zan ba mai adawa rabin gaskiyarsa. Ba dukkansu ne darajarsu ɗaya ba, kuma masu kare tarihi suna cutar da kansu idan suka yi kamar ɗaya ne. Tudun da garma ta baje tun zamanin kakanni, ƙasarsa ta bushe, katakon kwaminsa ya zama gari, ba zai tsayar da asibiti ko babban titi ba, bai kuma kamata ba. A tona shi da kyau, a rubuta, a bar aiki ya wuce. Haka aka yi a shekarun da tattalin arzikin Ayalan ya bunƙasa, daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa durƙushewar 2008, lokacin da aka shimfiɗa manyan tituna a faɗin ƙasar. Masu binciken tarihi suna gaba, katafila na biye, kuɗin tonon kuma a cikin kuɗin aikin titi yake. An tona ɗaruruwa a ɗan lokaci, kuma daga nan ne aka tabbatar cewa wasu sun girmi Zamanin Tagulla. Da babu gara ba daɗi, kuma a nan ma ba za a ce ba daɗin ba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne bambancin hayaniya. Da titin M3 ya doshi kusa da tudun Tara, mazaunin sarakunan da, aka kuma gano wani tsohon wurin taro a Lismullin a 2007, an yi zanga-zanga, an je kotu, duniya ta ji. Ɗaruruwan wuraren tafasa ruwa da suka shige ƙarƙashin kwalta a shekarun nan ba wanda ya ɗaga musu allo.

Wanda ya cancanci a tsaya masa tsayin daka shi ne wanda har yanzu yake cikin ruwa. A ƙasar da ruwa ya cika, iska ba ta shiga, don haka katako da saƙar tsumagiya da ganye da iri ba sa ruɓewa. Duwatsun da ke sama za su iya ƙara shekara dubu uku ba abin da ya same su. Dukiyar tana ƙasa, a cikin kwami da lakar da ke kewaye da shi, kuma ranar da ruwan ya janye ta fara mutuwa. A nan ne nake ganin gazawar dokokin.

A Birtaniya dokar da ke aiki a Ingila da Sikotilan ita ce ta 1979, jikar wadda ɗan majalisa John Lubbock ya yi ta faɗi-tashi har aka zartar a 1882. A Ingila wuraren da ke cikin jerin sun kusa 20,000. Yadda tsarin yake, ana zana iyaka a taswira, duk aikin da zai taɓa abin da ke cikin iyakar sai da izini. To amma ruwan ƙarƙashin ƙasa bai san layin taswira ba. Maƙwabci, ko shi kansa mai gonar, yana iya haƙa magudana a wajen iyakar don ya tsane fadamarsa, bai karya dokar ba, ruwa ya sauka, katakon da ya kwana shekara dubu uku lafiya ya ruɓe cikin 'yan shekaru. Jami'i zai zo duba wuri ya ga tudu na nan da ciyawarsa, ya rubuta cewa lafiya lau.

Akwai kuma wata ƙofa da dokar da kanta ta bari a buɗe. A Ingila wani umarni na 1994 ya ba manomi damar ci gaba da noma a kan wurin da aka kare, muddin irin noman da ya saba yi ne a shekaru shida da suka gabata, bai kuma zurfafa garma fiye da da ba. A takarda abin ya yi kama da adalci. A gona kuwa, ƙasar da ake juyawa duk shekara tana zaizayewa, musamman a kan tudu, saboda haka garmar da ba ta ƙara zurfi ba tana cin sabon wuri kowace damina. A 2003 hukumar kula da kayan tarihi ta Ingila ta yi kukan cewa kusan wurare 3,000 da ke cikin jerin ana noma a kansu. Ɗan tudun da bai kai ƙugu ba, sau nawa tarakta za ta bi ta kansa kafin ya zama baƙin tabo a tsakiyar gona?

A Ayalan gyaran dokar da aka yi a 1994 ya kafa rajistar wuraren tarihi, ya kuma wajabta wa duk mai son yin aiki a kan wurin da ke ciki, ko kusa da shi, ya ba minista sanarwa a rubuce wata biyu kafin ya fara. Wannan ya fi faɗi, don ya game dubban wurare a lokaci guda, an kuma zartar da sabuwar doka a 2023 don maye gurbin tsofaffin da suka faro tun 1930. Amma sanarwa sai wanda ya san abin da ke gonarsa, ya kuma ga dama, yake bayarwa. Ba gwamnatin da ke da ma'aikatan da za su tsaya a bakin kowace fadama a Cork.

Shi ya sa nake cewa mai gadi na gaskiya manomi ne, kuma dokar da ta ɗauke shi a matsayin wanda ake tuhuma tun kafin ya yi komai ta fara da ƙafar hagu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A tsibirin South Ronaldsay na Orkney, a farkon shekarun 1970, wani manomi mai suna Ronnie Simison yana ɗibar duwatsu daga wani tudu a gonarsa ta Liddle don gyaran hanya, sai ya ci karo da gini a ciki. Ya tsaya, ya nemi masana, John Hedges ya zo ya tona. Aka samu ɗaki na dutse da murhu da babban kwamin dutse a tsakiya, ɗaya daga cikin mafi shahara a irinsu. Da ya ci gaba da lodin amalankensa ba wanda zai sani. Abin da ya tsayar da shi sha'awa ce da ganin darajar abin, kuma iyalinsa sun yi shekaru suna nuna wa baƙi wurin.

Ba kowane manomi ne Simison ba, ba kuma adalci ba ne a gina tsari a kan fatan kowa ya zama shi. Mutumin da aka ce kada ya tsane fadamarsa an hana shi ciyawar shanu, an hana shi kuɗi. Idan amfanin barin wurin na al'umma ne, har da waɗanda ba a haifa ba, to al'umma ta biya. Ingila na da tsarin da ke biyan manoma su daina noma a kan wuraren tarihi su mayar da su makiyaya, Ayalan ma ta sa kula da irin waɗannan wurare cikin tsare-tsarenta na tallafin noma. Hanyar ke nan, sai dai yarjejeniya ce ta 'yan shekaru da ke iya ƙarewa idan kasafi ya canza, abin da ake son karewa kuwa damina biyu ta bushewa na iya yi masa illar da ba ta gyaruwa.

Mu a nan ba mu da waɗannan tuddan, amma tambayar ba baƙuwa ba ce. Najeriya ma a 1979 ta kafa hukumarta ta gidajen tarihi da wuraren tarihi. Duniya ta san al'adar Nok ta dalilin mutum-mutumin yumɓu, waɗanda aka fara tsinta a wurin haƙar kuza a 1928. Amma abin da ya tabbatar cewa mutanen yankin na narka ƙarfe ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa shi ne gawayi da kashin tama da ragowar murhun da Bernard Fagg ya tona a Taruga a shekarun 1960. Da masu bincike daga jami'ar Frankfurt suka fara aiki a yankin a 2005, sun tarar an riga an birkice wurare masu yawa. Masu haƙar sun ɗauki kawunan da ke da kasuwa a Turai, sun watsar da baƙar ƙasar da za ta faɗi shekarun kawunan da abin da masu su ke ci.

Akwai kuma ɓarnar da ba manomi a cikinta, ba kuma dokar da za ta hana. A Shetland da Orkney teku ne ke cin gaɓa. Tudun Cruester a tsibirin Bressay, mai ɗakunan dutse a cikinsa, igiyar ruwa ta fara kwashe shi. An tona shi, sannan a 2008 mutanen tsibirin da masana suka sa wa duwatsun lamba, suka ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, suka sake gina shi kusa da cibiyar tarihin garin. An yi irin haka da na Meur a tsibirin Sanday. Mai tsattsauran ra'ayi zai ce abin da aka ɗauke daga mazauninsa ya zama abin kallo kawai, kuma ban ce ya yi ƙarya ba, don lakar da ruwan ba su bi duwatsun ba. Amma teku ba ya jiran a gama muhawara, kuma yaran Bressay yanzu suna iya tsayawa a bakin kwamin su ga yadda ake tafasa ruwa da dutse.

Abin da zan so hukumomin Ingila da Ayalan su yi bai fi ƙarfinsu ba. Su bi rajistarsu su ware tuddan da har yanzu ke cikin ruwa, waɗanda garma ba ta taɓa ba, a kowane yanki a samu wasu. A irin waɗannan, iyakar kariya ta bi fadamar gaba ɗaya har zuwa idon ruwan da ke ciyar da ita, a kafa bututun awon ruwa, jami'in da ya zo ya duba awon kafin ya duba ciyawa. Mai gonar kuma a yi yarjejeniya mai tsawo da shi, a biya shi daidai da abin da fadamar za ta ba shi da ya tsane ta, a kuma sa hannu kafin ya kira mai injin haƙar magudana.